Ina za mu kai yaron nan?

Maman Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan ɗan yayata, shekararsa 15, a nan Kano. Tun rasuwar mahaifinsa ya canza. Ya daina zuwa makaranta, da dare ba ya barci, da rana ya kulle kansa a ɗaki, ga saurin fushi. Kwanan nan aka ga katin tramol a aljihunsa. Baffanninsa sun dage a kai shi gidan mari. Uwarsa kuka kawai take yi. Don Allah wanda ya san wurin kirki ya taimaka mana.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Allah ya shirya mana zuriya. Hajiya, ki roƙe su su dakata da maganar gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk shatin bulala. Wata guda bai cika ba aka ga irinsa a Daura. Iyayen nan da kuɗinsu suka kai 'ya'yansu, gyara suke nema.

Anti Nas: Maman Sadiya, ni ma'aikaciyar jinya ce. Kafin a yi zancen inda za a ajiye shi, a bari likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi. Yaron da ya rasa uba, ya daina barci, ya guji mutane, sau da yawa ciwon damuwa ne a ƙasa, ƙwayar daga baya ta shigo don ya samu sauƙin abin da ke cinsa. In aka ƙwace ƙwayar aka bar damuwar, zai nemo wata. A Kano akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Ku je da safe, uwarsa ta bi ku, don ita ce za ta iya faɗin yadda abin ya fara. Kuma kada a yanke masa tramol rana ɗaya a gida in ya jima yana sha. Jiki na karkarwa, ga zufa da ciwon gaɓoɓi, ita ƙwayar kanta kuma takan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A bar likita ya tsara yadda za a janye.

Maman Sadiya: Anti, tsoron uwar shi ne a ce ɗanta mahaukaci ne. Kin san mutanenmu da jin sunan Dawanau.

Anti Nas: Na sani, 'yar uwa. Amma yawancin masu zuwa ba a kwantar da su. A ga likita, a karɓi magani, a zauna da mai ba da shawara, a koma gida, a dawo ranar da aka sa. Kwanciya sai in yana neman illata kansa ko wani, ko shan ya yi nisa. Abu ɗaya nake so ki yi yau: ki zauna da shi ku biyu, ki tambaye shi a hankali ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin a rai. In ya ce e, kada ku kwana, ku tafi asibiti.

Kawu na Kaduna: Ni kam ina ganin wani lokaci sai an ɗauke yaro daga unguwa. Ɗan ƙanina a gida aka yi ta fama, abokai na kawo masa ta katanga. Sai da aka kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ya dawo hayyacinsa. Na Sakkwato suna da na Kware, na Borno suna da na Maiduguri.

Baban Walid: Gaskiya ne Kawu, kwanciya a asibiti daban, ɗauri daban. Duk inda za a kai yaro, a tambaya: akwai likita? Za a bar iyaye su zo ziyara, su gana da shi ba tare da ma'aikaci a tsaye a kansu ba? Ana haɗa yara da manya ɗaki ɗaya? Wurin da aka ce ba za ku gan shi ba sai bayan wata shida, ku juya da ɗanku.

Yaya Barista: Wani ya taɓa ce min zai kai ɗansa Bosta ta Kaduna. A sani, wannan gida na hukumar gidajen gyaran hali ne, na matasan da suka yi laifi, ba asibiti ba ne. Sannan baffannin su san akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta ba marar lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Malam na Islamiyya: Hajiya, in baffannin sun ce aljanu ne, kada ki yi musu da su. A yi masa ruƙiyya a gida da ayoyin Alƙur'ani, babu duka, babu turaren da zai shaƙe shi, a kuma kai shi asibiti. Ɗaya ba ta hana ɗaya. Maraya ne fa. In suna so, a samu limamin unguwarsu ya zauna da su, magana ta fi shiga daga bakinsa.

Anti Nas: Malam ya taɓo wurin. A 1954 Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa a Aro, Abekuta, ya fara sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan uwansa, da rana su zo a duba su, da dare su kwana cikin mutane. Ya ga sun fi saurin warwarewa a haka. Shi ya sa ko an kwantar da yaron nan, aikin gaske sai ya dawo gida: wa zai riƙa ba shi magani, wa zai raka shi ganin likita, wace makaranta ko sana'a zai koma.

Ɗan Autan Zaure: Umma, ni na taɓa shiga irin wannan halin. Abin da ya riƙe ni bayan asibiti, wani yayana ne da ya riƙa tafiya da ni shagonsa kullum, bai taɓa yi min gori ba. A samo masa namiji ɗaya a dangi da yake jin maganarsa. Kuma NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na da layin kyauta, 080010203040, akwai masu ba da shawara da Hausa.

Maman Sadiya: Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da limamin. Anti Nas, sai an kawo takarda daga wani asibiti kafin su gan mu?

Anti Nas: In kuna da asibitin da kuka saba zuwa, ku karɓi takardar tura marar lafiya, tana rage jira. Ku tafi da katin ƙwayar da aka gani, likita zai so ya ga ƙarfinta.