InnoDB ko MyISAM ga manhajar shago?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Manhajar ciniki ce ta shagon atamfa a Kantin Kwari, a kan MySQL, wato manhajar rumbun adana bayanai. Kwamfuta 4 ke shigar da ciniki lokaci guda, ga ɗauke wuta. Cikin injinan ajiyar bayanai na MySQL guda biyu, InnoDB da MyISAM, wanne ya dace?

Na Gwale: Wa alaikumus salam. InnoDB, babu ja. MyISAM yana kulle tebur (jadawalin da ake jera bayanai layi-layi) gaba ɗaya yayin da kwamfuta ɗaya ke rubutu, sauran ukun su yi ta jira. InnoDB layin da ake taɓawa kawai yake kullewa. Babbar magana ma wuta ce. A ce an rage turmi 2 daga kaya, kafin a rubuta kuɗin wuta ta tafi. Muddin ka haɗa matakan biyu tsakanin umarnin START TRANSACTION (buɗe aiki) da COMMIT (tabbatar da shi), InnoDB zai soke rabin cinikin da kansa idan aka sake kunna kwamfutar. MyISAM kuwa sai ka gyara teburin da umarnin REPAIR TABLE, kuma layuka na iya salwanta.

'Yar Zoo Road: Ƙari kaɗan, Malam: bar saitin innodb_flush_log_at_trx_commit, mai tsara yadda ake sauke ciniki zuwa faifan ajiya, a 1. Idan ka mai da shi 2, ɗauke wuta kan iya cinye cinikin daƙiƙar ƙarshe.

Ɗan Fagge: Tsofaffin teburan da ke kan MyISAM fa?

Na Gwale: Fara da mysqldump don ajiye kwafin bayanan, sannan ka mai da teburin InnoDB da ALTER TABLE ciniki ENGINE=InnoDB, bayan an tashi kasuwa, domin teburin duka yake sake ginawa.