"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe": har da bangaskiya?

Malamin Lahadi: Salama gare ku 'yan'uwa. Karin maganar da na kawo mana ita ce "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Kowa ya san wurin faɗinta: ɗan maƙeri ya riƙe guduma kamar da ita aka haife shi, ko 'yar mawaƙiya ta buɗe baki murya ta fito. Dalilin kawo ta shi ne yadda nake yawan jin ta a bakin iyaye. Ka tambayi uba me ya hana yaronsa zuwa ajin baftisma, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ƙyale shi, kakansa mai bishara ne, ai barewa ba ta gudu..." Shin maganar nan ta hau kan bangaskiya kuwa?

Maman Tabita: Ta hau mana, Malam. A 2 Timoti 1:5 Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama a kakarsa Loyis, sannan a uwarsa Afiniki. Kaka, uwa, jika. In wannan ba gudun barewa ba ne, mene ne?

Baba na Wusasa: 'Yata, ki ɗan matsa gaba zuwa 3:15. Can Bulus ya ce tun Timoti yana ƙaramin yaro ya san Littattafai masu tsarki. Ba a nono ya tsotse su ba, wani ne ya zaunar da shi ya koya masa. Kada kuma ki manta ubansa Bahelene ne, wato ba Bayahude ba, yana nan a Ayyukan Manzanni 16.

Ku bi gidajen manya ku gani. Eli firist ne, 'ya'yansa Hofni da Finehas suka mai da hadayar jama'a abincinsu. Sama'ila, wanda ya tashi a gidan Elin nan ya ga ƙarshen abin da idonsa, nasa 'ya'yan suka zama alƙalai masu cin hanci, har Isra'ilawa suka fake da haka suka ce a naɗa musu sarki. Hezekiya ya rushe wuraren tsafi, ɗansa Manassa ya hau gadon sarauta yana da shekara 12, ya yi shekara 55 a kai, ya sake gina abin da uban ya rushe. Sai ga Yosiya, jikan Manassan, ɗan Amon mugu, ya fito mutumin kirki. Bahaushe ma ya san haka, shi ya sa ya ajiye wata a gefe: "Albasa ba ta yi halin ruwa ba."

Ɗan Gindiri: Baba kun gama magana, ƙari kawai zan yi. Ɗan barewa ba ya zuwa makaranta. Ana haihuwarsa, jim kaɗan ya miƙe. Maganar jini ce da halitta, kuma Yahaya 1:13 ya riga ya ce 'ya'yan Allah ba ta jini ake haifarsu ba. Sannan ku lura da lokacin da ake faɗinta. Sai an ga yaro ya yi abin a zo a gani, sannan a ce barewa ba ta gudu. Yabo ne na bayan aiki. Uban da Malam ya ambata ya ɗauko ta tun yaro bai ɗaga ƙafa ba, ya mai da ita alkawari. Ba wanda ya yi masa wannan alkawarin.

Maman Tabita: Na yarda da batun lokaci. Amma ba zan bari ku jefar da ita ba, don tana da ƙaya, kuma iyaye take soka. Farkonta ya ce barewa tana gudu. To in barewar ce ke rarrafe fa? Ina ganin iyaye maza da ke sauke yara a ƙofar majami'a su juya mota, sai an tashi su dawo. Ina ganin mu mata, mu sha ɗaurin Zumuntar Mata mu yi waƙa har murya ta dushe, mu koma gida mu ci naman maƙwabciya a gaban yara. Yaro bai rarrafa ba, gudun da ya gani yake yi.

Ɗan Gindiri: Mama, wannan wa'azi ne mai kyau, amma kun sa wa karin maganar abin da ba ta faɗa ba. Ba ta yi zancen koyi ba.

Maman Tabita: Ɗana, ɗan maƙeri a ina ya ga guduma? A jini?

Anti Saratu: Ku bar ni in shigo da abin da ke damuna a nan Kaduna. Kakata ta koyi karatu tana da 'ya'ya uku, don kawai ta karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932. Ta ce a wurinsu mai neman baftisma sai ya zauna ajin karatu tukuna. Da dare za a kunna aci-bal-bal, a karanta sura, a yi waƙa ɗaya, kowa ya faɗi ayar da ya haddace. Yau iyaye suna sujadar Hausa, yara suna ta Turanci, a majami'a ɗaya amma ba sa haɗuwa sai a bakin ƙofa. A gida uwa ta buɗe nata littafin yaro ba ya iya karantawa, yaro ya buɗe nasa a waya uwa ba ta ji. Harshen kakanni kuwa, Tyap ko Ngas ko Bura, tuni ya tsaya a gaisuwa. Ba na zagin Turanci. Amma Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a yi ta zancen maganar Allah da yara a zaune a gida, a kan hanya, a kwance, a tashe. Wannan hira ce, ita kuwa hira sai da harshen da kowa ke ji. Awa ɗaya ta makarantar Lahadi ba za ta maye gurbinta ba.

Malamin Lahadi: Awa ɗayan ma ba cikakkiya ba, Anti. Rabinta yana tafiya wajen raba faɗa da kai ƙanana bayi.

Matashi Bitrus: Iyayena, ku yi mini haƙuri in faɗi ta ɓangarenmu. An koya mana kar ka sha, kar ka je, kar ki sa. Ba a cika koya mana dalili ba. Ranar da na shiga jami'a abokin ɗakina ya tambaye ni me ya sa muke cewa Yesu Ɗan Allah ne, na rasa ta cewa, alhali tun ina ƙarami nake Boys' Brigade, ƙungiyar yara maza ta majami'a. Da na zo hutu na kai tambayar gida, aka ce wa ke hure mini kunne. Aka rufe da "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba." To ai shi ya sa muke tambaya, ku gaya mana abin da kuka hango. A Joshuwa 4 an jera duwatsu 12 daga Urdun musamman don yara su tambaya, a ba su labari. A Fitowa 12 ma haka, game da Idin Ƙetarewa. In ba a amsa mana a gida ba, TikTok na nan, ba ya gajiya da amsa.

Baba na Wusasa: Jikana, gaskiyarka. Sau da yawa tsawar da ake daka muku, rashin sanin amsar ne ya sa hular girma. Dattijon da bai sani ba ya ce bai sani ba, ya kama hannun yaro su je wurin fasto tare. Ba a rage masa girma. Mahukunta 2:10 tana tsorata ni: tsarar Joshuwa ta shuɗe, wata ta taso ba ta san Ubangiji ba, ba ta san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Iyayensu sun ga Yariko ta faɗi, amma labarin bai ƙetare tsakar gida ba.

Mai Shago, Jos: Duk kuna ta iyaye, iyaye. Ni ban yi aure ba, to ba ruwana ke nan? Da rikicin Boko Haram ya kai Mubi da Michika a 2014, har hedikwatar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi aka tasa, jama'a da yawa suka zo nan Jos, cikinsu da yaran da ba uwa ba uba. Waɗannan wace barewa za su bi? Su kuma masu bi na farko a Garkida, inda aka fara aikin bishara a 1923, iyayensu ba Kirista ba ne, baƙi ne suka koya musu. Bulus bai haifi Timoti ba amma ya kira shi ɗansa. FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista da ta fara a Gindiri a 1957, ta raini ɗalibai da yawa a hannun malaman da ba danginsu ba. Tawa karin maganar ita ce "Ɗa na kowa ne." Yara biyu ke koyon gyaran waya a wurina. Suna kallon ko zan gaya wa mai waya gaskiyar abin da na canja a ciki.

Uwar Marayu: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Na yi duk abin da kuka lissafa. Addu'ar safe, haddar aya, ban taɓa sauke su a ƙofa na juya ba. Babban ɗana yau ba ya taka majami'a. Duk lokacin da aka ce "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi", ko aka karanta Karin Magana 22:6, mai cewa a koya wa yaro hanyar da zai bi, sai in ji idanu a kaina. Ku riƙa tunawa da irinmu in za ku jefa maganganun nan.

Baba na Wusasa: 'Yata, sannu. An tuhumi Eli don ya sani bai tsawata ba. Sama'ila kuwa ban ga inda aka ɗora masa laifin 'ya'yansa ba. Uban da ke cikin misalin ɓataccen ɗa a Luka 15 bai rasa tarbiyya ba, ƙaramin ɗan dai ya tafi. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma. Naki kin yi. Kada ki rufe masa ƙofa, kada kuma kowace gaisuwa ta koma wa'azi.

Ɗan Gindiri: Wannan ma ya ƙara nuna abin da na faɗa. In muka bar karin maganar ta zama doka, uwa irin wannan za a ce ba ta yi gudu ba.

Maman Tabita: Ba wanda ya ce doka ce. Ni dai zan ci gaba da faɗa wa masu juya mota a ƙofa. Malam, wane aji ne ba shi da malami yanzu? Mai Shago ya ce ɗa na kowa ne, ka rubuta sunansa kafin ya canja magana.

Malamin Lahadi: 'Yan shekara 9 zuwa 12. Ƙarfe takwas ake farawa, ɗan'uwa, kuma su ma sun iya tambaya irin ta Bitrus.