Wa ya dawo da gawo: ruwan sama ko manomi?

Mushe Habu: Jama'a barkanmu da dare. Jiya a Birni na yi doguwar hira da wani malamin jami'a mai bincike kan itatuwan gona. Ya ce masana irin su Chris Reij da Gray Tappan sun gwada hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan adam na wajen 2005, suka ga itatuwa kusan miliyan 200 sun ƙaru a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram na ƙasar Nijar. Wai aikin manoma ne. Ni dai ban gamsu ba. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya ɗan dawo, daji ya farfaɗo da kansa, shi ke nan.

Ɗan Magarya: Haba Mushe! Ruwan da ke sauka a Magarya ai shi ke sauka a ƙetaren iyaka, a Najeriya. Masu binciken nan sun duba ɓangarorin biyu, ƙasa iri ɗaya, damina iri ɗaya, amma gonakin wajenmu sun fi itace nesa ba kusa ba. Hadari ya san kan iyaka ne?

Mushe Habu: Wannan kam ka ɗan kama ni. To amma ai an ce wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya soma wannan aikin renon toho a gonaki a Maraɗi a 1983. Ina namu a ciki?

Baba Alhaji: Yaro, Baturen ya yi aikinsa a can, ba mu hana shi ladansa ba. Amma gawon Matamai ba shi ya shuka ba. Tun muna yara ake gaya mana a zamanin Sarki Tanimu na Damagaram wanda ya sare gawo kansa ne a bakin takobi. Mahaifina in ana sassabe ya tarar da toho a kututture, sai ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, ya ɗaura tsumma a jiki don kada yara su yi masa ɓarna. Bai taɓa shiga lakkol ba. Yau ga shi ana kiran abin sassaben zamani.

Hajiya Zuwaira: Allah ya ƙara girma Baba. Gawo ai shi kaɗai ke zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, kuma ka dubi zangarniyar gindinsa ka dubi ta fili. Da rani 'ya'yansa su ne abincin awaki. Mu mata ba ma buƙatar hoton sama, a tafiyar neman itacen girki muka ga bambanci. Ku je Mirya ku tambayi masu sayar da kuka.

Mushe Habu: To Baba, in sanin na gado ne, me ya sa gonaki suka yi ƙwal a da?

Baba Alhaji: Tsoron tara. Itacen gonarka ba naka ba ne, na gwamnati ne, ka sari reshe ma'aikatan gandun daji su kama ka. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa asara? Gara ka tumɓuke shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta, har aka sake dokar daji a 2004, sai mutane suka bar su su girma.

Mushe Habu: Ke nan doka ce, ba ni ba ku. Amma ruwan ma a ba shi kasonsa.

Ɗan Magarya: An ba shi. Ranar Lahadi ka hau babur ka zo, zan kai ka gonarmu da ta maƙwabcinmu da bai bar toho ba. Ka zo da malamin naka.