Neman shawara: kalangun Kawu yana cikin .gig, wane tsari zan mayar da shi?

Ɗan Mahauta: Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ya hana ni barci. Kawuna, Allah ya jiƙansa, makaɗin kalangu ne na mahauta, tun muna yara in aka ji shi a bakin kasuwa an san an yi yanka. Shekarun baya wani abokin yayana mai studiyo ya roƙe shi ya zauna a ɗauki bugunsa ɗaya bayan ɗaya: bugu a sake, bugu a matse, da wanda yake matsa tsarkiya bayan ya buga har muryar ta hau. Kawu ya ƙi da farko, wai kalangu ba nama ba ne da za a yanka shi gunduwa-gunduwa. Sai da Inna ta sa baki. An ɗauki gogen wani amininsa ma, da algaita. Mai studiyon ya haɗa komai a GigaStudio, manhajar da ke ajiye sautin kayan kiɗa a fayilolin .gig don a buga su da maɓallan fiyano, da ya bar sana'ar ya ba ni tsohuwar kwamfutar mai Windows XP. To yanzu sai ta ga dama take tashi. Na fara mayar da fayilolin zuwa SF2, wani tsarin ajiye irin wannan sautin, da wata manhaja, amma kalangun ya zama wani iri, kowane bugu sak na baya, gogen kuma yana wani ƙas-ƙas a inda sautin ke zagayowa. Duka ya haura gigabait 2. In ci gaba da SF2, ko in koma manhajar buga sauti ta Kontakt, ko me?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu. Ƙanena, dakatar da juyawar nan yau. Kwafe fayilolin .gig yadda suke zuwa wuri biyu daban kafin komai. Kamfanin Tascam ya daina yin GigaStudio tun 2008, to kada ka dogara da kwamfutar nan. Sannan ka gane cewa abu biyu ne a cikin kowane .gig: sautin kansa, da taswirar da ke cewa wane sauti zai fita a wane maɓalli, da wane ƙarfin bugu. Sautin fitar da shi babu wuya, akwai manhajar gigextract ta mutanen LinuxSampler, kyauta, za ta zube maka su a WAV, wato fayilolin sauti zalla. Taswirar ce ke lalacewa wurin juyawa. SF2 tsari ne na E-mu da Creative tun 1996, bai san karɓa-karɓa ba, wato a ɗauki bugu huɗu na murya guda a riƙa juya su don kada kunne ya gane maimaici. In mai studiyon ya saka wannan a .gig ɗin, SF2 ba ta da inda za ta ajiye shi, shi ya sa kake jin bugu ɗaya tak. SFZ za ka yi, tsarin da ke rubuta taswirar daban ya bar sautin a WAV. Ba ka gaya mana ba: WAV na asali suna nan? Kuma a ina za ka buga su?

Mai Fiyano: Amin. Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Kontakt kowa ke amfani da shi a studiyo. Kontakt 5 yana buɗe .gig kai tsaye, ka adana a NKI, fayil ɗin Kontakt, ka matse sautin zuwa tsarinsa na NCW ba tare da ya rasa komai ba, shi ke nan.

Injiniya: Malam Mai Fiyano, wannan shawarar ce za ta sake mayar da shi inda ya fito. Kulle ya baro, za ka sa shi a wani kullen. NKI da aka adana a sabon Kontakt tsoho ba ya buɗe shi. Wanda yake da Kontakt Player na kyauta kuma minti 15 kawai zai samu da laburaren da ba a yi wa lasisi ba, sai ya tsaya. SFZ rubutu ne zalla, René Ceballos ya ƙirƙiro shi, ko da Notepad za ka buɗe ka karanta. Ka rubuta lokey da hikey don iyakar maɓallai, lovel da hivel don ƙarfin bugu, seq_length=4 da seq_position don karɓa-karɓar. Manhajar buga SFZ, Sforzando na kamfanin Plogue, kyauta ne, sfizz ma haka. Ko bayan shekara 30 jikan Kawu zai iya karanta fayil ɗin ya gane.

Ɗan Mahauta: Na gode Yallaɓai. Amma ni ba don wasa na zaɓi SF2 ba. Fayil ɗaya ne, komai na ciki, in na tura wa yaro a filasha ba zai kira ni ya ce sauti ya ɓace ba. Kuma fiyanona Yamaha ne, Expansion Manager, manhajar zuba masa sabon sauti, SF2 yake karɓa, ban ga SFZ a ciki ba. Aikin biki nake zuwa, ba na ɗaukar kwamfuta.

Ɗan Zango, Kumasi: Kai ɗan uwa, ka ce za ka tura wa yara? Allah ya ba ka haƙuri tun yanzu. Ni na ɗauki gangunan wani dattijo a unguwarmu, da kuɗina na biya shi, na biya studiyo, na zauna ina yanka sautin har idona ya yi ja. Mutum ɗaya na ba, amana. Bayan 'yan watanni sai ga wani yana tallar su a WhatsApp da sunansa a kai, har yana cewa shi ya je ƙauye ya ɗauko. Dattijon ya rasu bai ga ko sisi daga wannan cinikin ba. Har yau in na ji gangar a waƙar wani sai zuciyata ta yi zafi. SFZ ɗin da Injiniya ke yabo ai shi ya fi sauƙin sata, WAV ne a fili.

Injiniya: SF2 ma Polyphone, manhajar gyara SF2, zai buɗe shi ya fitar da sautin cikin minti ɗaya, NKI da kai ka haɗa da hannunka shi ma ba a kulle yake ba. Tsarin fayil ba ya maganin ɓarawo. Mu koma kan magana. Ƙanena, ban hana ka SF2 na fiyano ba. Cewa nake uwar ta zama WAV da SFZ, daga ita ka riƙa cire SF2 ƙarami duk lokacin da kake so. Polyphone yana shigar da SFZ ya fitar da SF2. Wane Yamaha ne ma?

Ɗan Mahauta: PSR-S670.

Injiniya: To ka gani. Wurin ƙarin sauti a S670 megabait 32 ne. Kai kana maganar gigabait 2. Sauti mai layi ɗaya a 16-bit, 44.1 kHz yana cin kusan megabait 5 a minti, wato abin da zai shiga bai wuce minti 6 ba gaba ɗaya. Dole ka zaɓi bugu kaɗan ka zubar da saura. In wannan ragaggen ya zama shi ne kaɗai abin da ya rage na Kawu, an yi asara. Ƙas-ƙas ɗin goge kuma daga wurin zagaye ne: loop_start da loop_end, lambobin farko da ƙarshen zagayen, sun goce, ko manhajar ta sauya saurin ɗaukar sautin ba ta gyara lambobin ba. Kada ka kuskura ka bi ta MP3, yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, duk lissafin ya rushe. In wurin ajiya ne matsala, yi FLAC, yana matse sauti ba ya rasa komai.

Hajiyar Damagaram: Allah ya gafarta wa Kawu. Ni tambayata daban ce, ɗana. 'Ya'yansa sun san za ka raba wannan? Da iyalan mai gogen? Mu a nan mun ga yadda irin wannan ya raba zumunci. Sannan kalangu magana yake yi, hawa da saukar muryarsa daga hammata take fitowa. Ko wane fayil ka zaɓa, in ba a ajiye dogayen jimlolin da ya buga a jere ba, bugu ɗaɗɗaya ba zai dawo maka da kirarin mahauta ba. Akwai su a ciki?

Ɗan Mahauta: Hajiya, a gidansa na tashi, ni na riƙe masa kalangun ranar da aka ɗauka, ba na jin akwai wanda zai ce ban isa ba. Jimlolin kuma ina jin akwai wasu a wata folda, sai kwamfutar ta tashi zan duba. Yallaɓai Injiniya, na ji bayaninka, amma na riga na yi nisa da SF2, kusan rabi. In koma rubuta lambobi da hannu ga kowane bugu, yaushe zan gama? Ga biki a gabana ƙarshen wata.

Mai Fiyano: Abin da na faɗa ke nan tun farko. Kawo faifan studiyona mu zuba a Kontakt, yini ɗaya mun gama.

Injiniya: Ba sai da hannu ba, akwai manhajojin juyawa irin su Awave Studio da Translator na Chicken Systems da ke karanta .gig su fitar da SFZ, kai gyara kawai za ka bi ka yi. Amma ka amsa mini abu ɗaya: ka kwafe .gig ɗin zuwa wani wuri ko ba ka kwafe ba?

Ɗan Zango, Kumasi: Kuma kada ka kai faifan studiyon kowa. Na gaya maka.

Ɗan Mahauta: Tun jiya ba mu da wuta. In an kawo zan gwada kunna ta. Amma dai a ganina in aka rage wa kalangun tsawo aka bar bugu biyu-biyu a maɓallai maƙwabta, ina juya su da yatsa, SF2 ɗin zai wadatar. Akwai wanda ya taɓa yin haka a S670?