Ɗanyen nama ya kwantar min da kare

Sagir Fadaman Mada: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo maganar nan zaure. Yau kwana uku ke nan karena Duna yana kwance, ko haushi ba ya iya yi. Wata bakwai ina saya mishi ɗanyen kayan ciki wurin wani mahauci, huhu da tumbi da saifa, na naira dubu biyu duk bayan kwana biyu, don an ce min karen gadi ba ya zafi sai da ɗanyen nama. Ranar Asabar na karɓo leda, na ga huhun da wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki kamar ƙwan zabo, warin ma ya canza. Na yi magana, ya ce min ai na kare ne. Daren Lahadi Duna ya fara amai da zawo har da jini. Likitan dabbobi ya sa mishi ƙarin ruwa leda biyu, na kashe naira 38,000, ya ce kar in sake ba shi ɗanye. Ni dai a ganina mushe mutumin nan ya sayar min. Masu karnuka, don Allah ɗanye kuke ba su ko dafaffe?

Anti Zulai: Ayya, sannu Sagir. Allah ya ba shi lafiya.

Usman Ɗan Rundawa: Dakata ƙanina. Mushe ka ce? Ka san nauyin kalmar nan kuwa? Kakana mahauci, ubana mahauci, ni ma da wuƙa a hannu na tashi. Ba wanda zai tsaya a garin Bauchi ya ce mahauci na sayar da mushe in yi shiru. Dabbar da aka yanka da bisimilla da asuba, idon jama'a na kanta, ita ce mushe? Ka janye.

Sagir Fadaman Mada: Yaya Usman, ni ban ce mahauta ba, mutum ɗaya na ce.

Usman Ɗan Rundawa: To faɗi sunanshi da teburinshi, mu kai maganar gaban Sarkin Fawa. In ba za ka faɗa ba, duk mu ka shafa wa kashin kaji.

Sagir Fadaman Mada: Ba zan kama suna a nan ba. Ni da shi ne.

Malam Habibu: Ku bari a gyara kalma tukuna. Mushe a shari'a ita ce dabbar da ta mutu ba a yanka ta ba. Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta jero su: wadda aka shaƙe, da wadda aka buge, da wadda ta faɗo daga sama, da wadda 'yar'uwarta ta soke da ƙaho, da wadda naman daji ya ci, sai fa wadda aka riska da rai aka yanka. Sayar da mushe kuma haramun ne da nassin hadisi. Saboda haka wanda ya ce wane ya sayar da mushe ya tuhume shi da cin haram, sai ya kawo shaida. Naman da aka yanka ya kwana ya yi wari sunansa ruɓaɓɓen nama.

Bashir Yelwa: Allah ya gafarta Malam, amma a bakin Bahaushe duk abin da ya yi wari mushe ne. Ba ka taɓa jin an ce wuri na warin mushe ba? Sagir Hausa ya yi, ba fatawa ya bayar ba.

Usman Ɗan Rundawa: Kai Bashir, tun rigimar kuɗin ragon layyar bara kake neman inda za ka soki mahauta. Mun sani.

Bashir Yelwa: Ragon da aka feɗe min aka tafi da rabin hantar? Ai ban manta ba.

Nafisa: Salamu alaikum iyaye da yayye. Ina shekarar ƙarshe a karatun likitancin dabbobi a Zariya, ku ba ni dama in ce wani abu a kan tambayar Yaya Sagir. Zawon nan mai jini ya fi kama da aikin ƙwayoyin cuta irin su salmonela da suke yaɗuwa a naman da ya daɗe cikin zafi, ko kuma cutar fabo mai kama hanjin karnuka in ba a yi wa karen rigakafi ba. Likitan da ya duba shi ne zai tantance. Amma abin da ya fi tayar min da hankali ƙulle-ƙullen nan masu ruwa ne. In irin waɗanda nake zato ne, 'ya'yan wata tsutsar ciki ne a ciki. Kare ya ci su ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa, shi ba ya ma nuna alamar ciwo, ƙwanta kuma yana fita a kashinsa. Ƙwan yana maƙalewa a gashinsa da ƙasar tsakar gida. Yaro ya shafa kare ya kai hannu baki, sai irin wannan ƙullin ya tsiro masa a hanta ko a huhu, ya yi shekaru yana girma ba a sani ba, wani lokaci sai an yi tiyata. Tafasa naman sosai yana kashe su. Huhu ko hanta mai irin wannan ƙulli kuwa binnewa ake yi da zurfi ko a ƙone.

Usman Ɗan Rundawa: To kun ji. Ko 'yar boko ba ta ce mushe ba ne.

Nafisa: Yaya Usman, ban ce komai a kan wannan ba. Ana iya yanka dabba da bisimilla kuma a samu cuta a huhunta. Shi ya sa ma'aikatan lafiyar dabbobi suke duba kayan ciki a kwata, su ware wanda bai dace ba.

Usman Ɗan Rundawa: Ana iya yankawa da bisimilla. Magana ta ƙare.

Baba Baushe: 'Yata, na ji bayaninki, amma ni shekara arba'in ina farauta, daga dazukan Ningi har ƙasar Alkaleri. Karnukana tara yanzu haka. In muka kashe zomo ko gada, a nan take nake farke ciki in jefa musu kayan cikin da ɗuminsu, ladan aikinsu ke nan. Ban taɓa dafa wa kare nama ba. Wa ke dafa wa dila a dawa? Ku dai kun kwaso karnukan Turawa masu cikin auduga, shi ya sa kullum kuna hanyar asibiti.

Sagir Fadaman Mada: Baba, Duna ruwa biyu ne, uwarshi 'yar gida ce.

Baba Baushe: To jinin uban ne ya kwantar da shi. Amma zan faɗa maka gaskiya guda, ɗana. Abin da nake ba nawa yanzu aka kashe shi, bai yi awa ɗaya ba. A gida kuwa ƙanzo da tuwon dusa da romon ƙashi suke ci. Naman da ya wuni a leda cikin ranar Bauchi ko ni ba zan ba kare ba. Kuma wanda ya ce maka ɗanyen nama ke sa kare zafi bai san kare ba. Zafi a jini yake da horo.

Bashir Yelwa: Ni kuma abin da na ji tun muna yara, ɗanyen nama ke sa kare hauka.

Nafisa: A'a Yaya Bashir. Haukan kare cuta ce da ake ɗauka ta yawun dabbar da ke da ita, galibi ta cizo. Maganinta allurar rigakafi duk shekara, kuma ana yin ta a nan kusa da mu, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato, wadda take aiki tun 1924. Baba kuma, kare ya daɗe da rabuwa da 'yan'uwansa na dawa, cikinsa yana narkar da hatsi fiye da nasu, shi ya sa naku suke rayuwa da tuwo. Tsoka zalla ma ba ta isar kare, ba ta da sinadarin da ke gina ƙashi, kwikwiyon da aka raina da ita kaɗai sai ka ga ƙafafunsa sun lanƙwashe.

Hajiya Maman Iman: Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Naira dubu biyu duk bayan kwana biyu, a kan kare? Ga 38,000 a asibiti? A layinmu akwai gidan da rabonsu da nama tun babbar salla. Ku je kasuwar Muda Lawal ku ji kuɗin mudun masara. Sagir, ka ji tsoron Allah.

Sagir Fadaman Mada: Hajiya, da girmanki. Sau biyu ɓarayi suna haura min katanga kafin in samo karen nan, na biyun har da babur suka tafi. Tun da ya zo ko takalmi ba a ɗauka ba. Nawa ne albashin maigadi a wata? Kuma abin da nake yi wa maƙwabtana ba sai na zo nan na lissafa ba.

Hajiya Maman Iman: Ban ce ba ka taimako ba. Na ce dai abin da nauyi a kunne.

Abu Ammar: Duk kun bar asalin magana. Me ya kai musulmi ajiye kare a cikin gida? Hadisi ya tabbata cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa lada kullum. Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Ga najasa.

Malam Habibu: Hadisan sun inganta, amma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da dabbobi idan akwai buƙata. Batun najasa kuma, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai bin umarni ne. Kar mu ɗora wa mutane abin da akwai saɓani a cikinsa kamar babu.

Abu Ammar: Malam, mu hadisi muke bi, ba ra'ayin wani ba.

Malam Habibu: Imamu Malik ne wani? A ina ka yi karatu, yaro?

Abu Ammar: Inda na yi karatu ba shi ne hujja ba.

Anti Zulai: Don Allah ku bari. Kullum sai an kai mu nan.

Usman Ɗan Rundawa: Ni har yanzu ina jira. Ba a janye kalmar mushe ba. Mutane sama da ɗari biyu ne a zauren nan, wasu a wurinmu suke sayen nama. Gobe wata ta fasa aiko yaro saboda ta karanta wannan, wa zai biya mu?

Bashir Yelwa: Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ba ku yi, me ya dame ka?

Usman Ɗan Rundawa: Bashir, ka kiyaye ni.

Bashir Yelwa: A 2023 da cutar antaraks ta ɓulla a wata gona a Suleja, ba gwamnati ce ta yi ta gargaɗi kar a yanka dabba mara lafiya a sayar ba? Da ba a yi, za a yi gargaɗin?

Usman Ɗan Rundawa: Suleja a jihar Neja take. Ka kawo min na Bauchi. Kuma mara lafiya daban, mushe daban, Malam ya riga ya yi bayani.

Nafisa: Yaya Sagir, in kana gani, ga abin da zan ce ka yi. Ka tafasa duk abin da za ka ba shi har cikinsa ya dahu, ka haɗa da tuwo ko shinkafa, ba albasa, don albasa tana lalata wa kare jini. Kar ka ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke hanji. Ka ce wa likitan ya ba shi maganin tsutsa mai kashe irin wannan tsutsar, ba kowane ba ne yake kashe ta, kuma ka riƙa maimaitawa duk wata uku. A kwashe kashinsa kullum a binne. Ko a Amurka, inda masu ba karnuka ɗanyen nama suke da firji da wuta ba yankewa, ƙungiyar likitocin dabbobinsu ta fitar da matsaya tun 2012 cewa ba ta goyon baya. Balle mu da nama ke wuni a tebur.

Usman Ɗan Rundawa: "Wuni a tebur" kuma? Ke ma kin shigo layinsu ke nan. Mu nan kafin azahar mun sayar mun wanke tebur.

Baba Baushe: Amurka ba su san farauta da kare irin tamu ba, 'yata.

Alhaji Bala (shugaban zaure): To jama'a, ya isa haka. Na karanta komai daga farko, ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, an tabbatar da hujjar Alƙur'ani daga bakin Malam Habibu cewa abin da aka sayar wa Sagir ba mushe ba ne, kuma ita kanta ɗalibar likita ta yarda da haka. Na biyu, mahautan garin nan mutanen kirki ne, ni surukinsu ne shekara ashirin da shida, ban taɓa ganin abin ƙi a wurinsu ba. Na uku, Baba Baushe da ya fi kowa sanin kare ya shaida cewa ɗanyen nama ba ya cutar da kare, raunin irin karen ne. Na huɗu, yawancin 'yan zaure suna ganin kuɗin da ake kashe wa karnuka ya fi dacewa da mabuƙata. Saboda haka Sagir zai ba Usman da sauran rundawa haƙuri, a wuce wurin. Wanda ya sake ta da maganar zan cire shi.

Nafisa: Ranka ya daɗe, ni ban yarda da komai a kan mushe ba, kuma Baba cewa ya yi shi ma ba zai ba kare naman da ya wuni ba.

Bashir Yelwa: Yawancin 'yan zaure? Hajiya ce kaɗai ta faɗa.

Alhaji Bala ya cire Bashir Yelwa.

Sagir Fadaman Mada: Yaya Usman, in kalmar ta ɓata maka rai ka yi haƙuri, amma ledar nan ni na buɗe ta da hannuna, na san abin da na shaƙa. Nafisa, yanzu na koma sama na karanta bayaninki na farko da kyau, jikina ya yi sanyi. Ba ranar Asabar ce farkon ganina da ƙulle-ƙullen nan ba, na sha yanka su in zuba mishi. Auta na shekararta uku, kullum tana rungume da wuyan Duna, a tsakar gidan nan take rarrafe tun tana jaririya. Don Allah wane gwaji zan ce a yi mata in na kai ta asibiti gobe?