Gadon motar kwana ya fara lotsawa, yaya zan ƙarfafa shi?

Bakano a Houston:
Assalamu alaikum. Bara na sayi tsohon ɗakin kwana irin wanda ake ja da mota, wanda a nan Amurka ake kira RV, domin mu riƙa fita da iyali idan yara sun sami hutu. Gadonsa mai faɗin inci 60 ne da tsawon inci 75, kuma ana ɗaga samansa a zuba kaya a ƙarƙashi. Tun da na sauya katifar da ta zo da shi na sa mai kauri, tsakiyar gadon ta fara lotsawa, jiya kuma da na ɗaga shi sai sandar iskar da ke tallafe shi ta tumɓuke daga jikin katako, har garin katako ya zubo a kan barguna. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin.

Tsohon kafinta:
Wa alaikumus salam, Malam. Katifar ta tona asirin aikin ne kawai, amma raunin tun daga masana'anta yake. Yawancin waɗannan ɗakuna a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, kuma saboda gudun nauyi sukan haɗa ƙashin gadon da siririn katako tu-bai-tu, su harba masa siraran ƙusoshi da bindigar iska, su rufe da fallen allo. Irin wannan haɗi yana iya zama lafiya a ɗakin da ba ya motsi, amma jijjigar hanya tana sassauta shi a hankali har ya saki.

Ka cire katifar da allon saman, ka bi kowace gaɓa ka shafa mata gam ɗin katako, ka ɗaure da ƙusa mai zare bayan ka fara huda ƙaramin rami, domin siririn katako yana tsagewa. Sannan ka gitta katako biyu a tsakiya, kowanne da ƙafarsa da ke taka ƙasa. Wurin da sandar ta tumɓuke kuwa, kada ka mayar da ƙusa cikin ramin da ya lalace. Ka manna guntun filawud mai kaurin sulusin inci zuwa rabi a bayansa, ka huda su gaba ɗaya, ka ɗaure da noti da washa mai faɗi.

Uwar tafiya:
Ina goyon bayan Baba kafinta, sai dai ina roƙonka, ɗan'uwa, kada ka kafa doguwar ƙusa a daɓen motar kafin ka san abin da ke ƙasa, domin sau da yawa tankin ruwa ko wayoyin lantarki suna nan. Mu mun huda bututu a haka, muka kwana muna tsane ruwa da tawul. Ka kuma duba lambar da ke jikin sandar, wadda ke nuna ƙarfinta da ma'aunin nauyi na fam, ka sauya sandunan gadon biyu tare daidai da nauyin sabuwar katifar.

Bakano a Houston:
Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya. Na buɗe gadon da yammacin nan, kuma lallai tankin ruwan yana gefen hagu, bai fi tafin hannu daga inda na yi niyyar kafa ƙafar ba. Zan matsar da ita dama, in zaunar da ita a kan faffaɗan allo ba tare da na huda daɓen ba.