Shawarwari Ga Masu Nazarin Kayan Aikin Biran Cimfanzi

A wata tattaunawa kan nazarin yadda biran cimfanzi ke amfani da kayan aiki, mahalarta sun fi jaddada haƙuri, domin sai da Jane Goodall, mai binciken biran cimfanzi, ta shafe watanni a dajin Gombe na Tanzaniya kafin ta ga biri yana zura tsinke cikin suri yana ciro gara a 1960. Sun ce kada a ɗauke duwatsun da biran Bossou na Gini ke fasa ƙwara da su, tunda a wurin ne ƙanana ke koyo daga manyansu, kuma a ganina wannan ce shawara mafi nauyi. A gandun dajin Gashaka-Gumti na Taraba, inda biran suke ciro zuma da sanduna, a tsaya nesa a rufe hanci, saboda murarmu tana iya kashe su.